Layin Nasarori

Ina zaune a ofishin tsofaffin ɗalibai ina jiran takardar shaida. Shekaranjiya kamfanin da ya ɗauke ni aiki ya janye, har yanzu na kasa faɗa wa mahaifiyata.

Wani dattijo yana tsaye a bakin kanta, yana cike fom na mujallar 'yan ajinsu, waɗanda suka gama shekara talatin da suka wuce. Rigarsa ta sha guga, amma baƙin mai ya zauna a faratansa, irin wanda sabulu ya gaji da shi. Ƙafar tabaraunsa ɗaure take da siririyar waya. Ina jin injuna yake gyarawa.

Sunan mata da 'ya'ya huɗu bai ba shi wuya ba. A layin nasarori biro ya tsaya.

"'Yata, me sauran suka sa a nan?"

"Darakta, farfesa, irin waɗannan," in ji ma'aikaciyar. "Baba, in ka bar shi ba komai, hotonka kawai za a buga."

"Wannan fuskar ita kaɗai? Ai sai a dawo muku da mujallar."

Dariya yake yi, amma biron yana ta juyi a yatsunsa. Can ya sunkuya ya rubuta a hankali. Na miƙa wuya na karanta: "Shekara ashirin da shida ina kula da janaretan asibiti. Wuta ba ta taɓa ɗaukewa ana cikin tiyata ba."

Ya tura mata fom ɗin.

"Duba min, ko ya yi kaɗan?"