Bi-Baya

A tasha Bi-Baya suke kiransa, domin ba ya tashi sai motar Dogo ta tashi. Ya tsufa a kan sitiyari, bai taɓa buge ko akuya ba. Masu lodi kan tsokane shi: "Bi-Baya, ko aljanna sai Dogo ya shiga gaba?" Yakan yi dariya ya ce, "Na gaba idon na baya."

Dogo kaɗai ya san maganar ba wasa ba ce. Shekarun nan ganinsa ya tsuke, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Abin da ke gabansa sak yana gani, gefe da gefe kuwa sai duhu. Saboda haka yakan kafa ido a jar fitilar Dogo. In ta kama ya taka birki, in ta kauce ya kauce. Da haka yake ciyar da gidansa.

Ran nan da hantsi motarsa ta cika, ta Dogo kuwa tana wurin bakanike an sauke mata giya. Dogo ya matso jikin taga ya rage murya.

"Ka ce musu cikinka ya ɓaci."

"Jiya ma abin da na ce ke nan."

Wata mata ta zaunar da 'yarta a kujerar gaba, da akwatin makaranta a cinya. "Malam direba, amana ce. Ita kaɗai gare ni."

"Allah ya tsare," in ji shi. 

Ya tada mota, ya nufi ƙofar tasha a hankali, yana juya kai dama da hagu.

Yarinyar ta ƙwalla ƙara, "Baba! Mai baro!"

Ya danna birki, fasinja suka zubo gaba. Mai baron na tsaye dab da ƙofarsa, yana zazzaga masa masifa.

Yarinyar ta dube shi. "Baba, tun daga can yake ɗaga maka hannu fa."

Na baya suka hau ƙorafi. "Mu tafi mana, rana na yi!" Hanya a buɗe take. A madubi ya hango uwar, ba ta tafi ba.

Ya kashe mota. Ɗan kamashon tasha ya rugo. "Me ya lalace kuma?"

"Mota lafiyarta ƙalau." Ya zare makulli ya miƙa masa. "Nemo musu direba."