Baƙin Hannun Abu Nazar

Kowace Juma'a da hantsi, Abu Nazar yakan kashe janaretan unguwarmu a nan Basra, ya kwance bututun da ke sanyaya hayaƙi, ya zauna da buroshin waya yana kankare kunkunniya. Haka ya tsufa yana yi, ana zaginsa.

Hajji Jabbar mai shagon yadi ne kan gaba. "Kai Abu Nazar, ba ka tsoron Allah? Ranar hutu za ka dafa mu?"

"Hajji, in kunkunniya ta yi wa bututun nan bargo, ruwa ba ya iya sanyaya hayaƙin. Gara gumin yau da na wata guda."

Bara likita ya ce ƙirjinsa ya cushe, in ya sake kusantar hayaƙi zai rasa ɗan numfashin da ya rage masa. Ya ajiye aiki, ko shayi ba wanda ya dafa masa. Magajinsa bai taɓa kashe inji ba, aka yi ta sa masa albarka. Ana tsakiyar zafi injin ya tafasa ya mutu. Jarirai na ihu, abinci na ruɓewa, sai ga masu zagin nan a ƙofar Abu Nazar.

Matarsa ta tare ƙofa. "Wallahi ba ku da kunya! Mutumin da ko bene ba ya iya hawa?"

Abu Nazar ya raɓa ta gefenta ya nufi injin, ƙyalle ɗaure a hanci. Yini guda yana kankara yana tari, har fankoki suka juya. Da ya tashi, ya miƙa wa Hajji wuyan hannu, yadda makanikai ke gaisawa kada su ɓata wa mutum hannu. Hajji ya dubi farar rigarsa, ya dafa ƙirji daga nesa. Ni na gani, kuma har yau abin na ci mini rai.

Abu Nazar, kai ne ka haɗiye baƙin da ya kamata mu raba. Tun ranar nan a zaune kake salla. Mun gode, Allah ya buɗe maka ƙirji.

Ku kuma 'yan unguwa, in magajinsa ya kashe inji ranar Juma'a, ku yi guminku ku yi shiru. In kun je gaida Abu Nazar ya miƙo wuyan hannu, ku ture wuyan hannun, ku kama tafin.