Amshin Da Iya Ta Bar Mini

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi a Funtua, sai ga wata babbar mota ta wuce shaƙe da buhunan auduga. Iska ta fizgo ɗan guntu ta manna mini a gefen zane. Na cire na murza a yatsuna, na ji ƙwayar gurya a ciki, ban san sanda na fashe da dariya ni kaɗai ba, har mai sayar da rake ya waigo yana dubana. Ina zai sani? 'Yar audugar nan ta mayar da ni ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi, ina 'yar shekara goma.

Ni mai in'ina ce. Gara in faɗa maka tun yanzu, tunda a takarda ba za ka ji ba. Tun ina ƙarama magana takan zo maƙogwarona ta turje, kamar jakin da ya ga rafi. A gida an saba da ni. Amma wata rana a makarantar Lahadi aka ce kowa ya tashi ya kawo ayar da ya haddace. Tawa na iya ta sarai, na yi mako ina bitarta a zuci. Na miƙe, na buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Wata yarinya a bayana ta kwaikwaye ni, aji ya kwashe da dariya, malaminmu ya ce in zauna wani ya karɓa. Daga ranar na kulle bakina. Kusan shekara guda, in dai na ƙetare ƙofar gidanmu, sai dai in gyaɗa kai ko in girgiza.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ita ce ungozoma, Musulmi da Kirista duk a hannunta aka haife su, ita ce kuma uwar zumuntar matan majami'armu. Gajeriya ce mai kaurin hannu, kullum tana ƙamshin man kaɗanya da hayaƙin murhu, dariyarta kuwa takan tsallake danga biyu. Ran Lahadi ita ke buga tulu, wata ƙatuwar tukunyar ƙasa da ake dukan bakinta da dunƙulen tsumma. In ta buga, a ƙirjinka za ka ji.

Da kaka ta kama, sai ga ta da sassafe a gidanmu. Ta ce wa Inna, "Ara mini ƙawata. Audugata ta buɗe, gwiwoyina kuma sun yi mini tawaye."

Kai, ka taɓa shiga gonar auduga da hantsi? Fari fat har inda ido ya tsaya, busassun kwanson suna sukar yatsa, ƙamshin nunanniyar dawa na tasowa daga gonar maƙwabta. Iya ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai kama kunya ɗaya, na kama ta kusa da ita, ta shiga rera wata waƙa tata. Sai ta ce, "Wa ya shayar da gonata bana?" A nan ne mata kan amsa, "Uba na sama, mun gode." Amma mu biyu ne kaɗai a gonar. Sai ta yi shiru daidai tsawon amshin, sannan ta ja baiti na gaba, ta sake yin shiru.

Sau ɗaya kawai ta tanka. Ta ce, "Ƙawata, waƙa ba amshi ai gayan tuwo ne. To, haka zan ci abina."

Kwana uku muna haka, ramin nan na cikin waƙar yana ta yi mini ƙaiƙayi a kunne. A rana ta huɗu, hannuna na cikin auduga, hankalina na wani wuri, ta ja baitinta, sai kawai na ji wata murya ta amsa. Sumul, ba gargada ko ɗaya. Na waiga ina neman mai ita. Ashe ni ce!

Iya ko juyowa ba ta yi ba. Ta ja na biyu, na amsa. Ta ja na uku, na amsa da ƙarfi. Sannan ta yar da ƙwaryarta ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsayen gona uku. Alhajin da ke yankan dawa a maƙwabta ya ɗago kai ya ce, "Lafiya, Iya? Wa ya haihu?"

Ta ce, "An haihu, Alhaji! Mace ce!"

A guje na koma gida, auduga na zuba daga zanena. Daga ranar gidanmu ya shiga uku da ni. Gishiri da waƙa nake roƙonsa, da waƙa nake cewa akuya ta shiga rumbu, da waƙa nake kai ƙarar ƙanena. Inna tana dariya tana share ido da gefen kallabi. Da yamma kuma mukan taru gindin tsamiyar gidan Iya, mu 'yan mata biyar, tana koya mana waƙa da addu'a da labaran bayin Allah. Ta ba ni labarin wani mai nauyin baki irina wanda Ubangiji ya aika gaban sarki, ya kuma tafi da nauyin bakin nasa. In na tsaya magana ta maƙale, ba ta taɓa ƙarasa mini ita. Sai ta ci gaba da ɓare gyaɗarta har in fito da abata.

Bayan Kirsimeti aka sa ranar babban taron zumuntar mata a Malumfashi, kowane ƙauye zai kawo waƙarsa. Iya ta ce ni zan ba da tamu. Baba ya ce bai san wannan zance ba.

Ya ce, "Iya, yara ƙalilan suka yi mata dariya ta yi shekara ba ta magana. In taro guda ya yi mata fa? Wa zai dawo mini da ita?"

Ta ce, "Ɗan nan, ni na yanke maka cibi, na san tsoronka. Amma bakin nata ne. Tambaye ta."

Baba ya dube ni. Na ja, na ja, har na ce zan je. Ya ce shi dai ba zai iya zuwa ya gani ba.

Wannan tafiya! Mun cika a-kori-kura maƙil, kowa cikin ankon zane mai ruwan ganye, Iya ta rungume tulunta cikin bargo kamar jariri. Tun daga ƙauye ake waƙa, in mota ta faɗa rami mu yi ihu mu ci gaba, yaran ƙauyukan hanya na bin mu a guje. Ban taɓa ganin jama'a kamar ta filin nan ba. Rumfuna jere, kiɗan caki da shantu ta ko'ina, ƙamshin ƙosai, ga lasifika a bisa itace.

Aka kira ƙauyenmu. Aka miƙo mini abin magana, mai sanyi da nauyi. Iya ta buga tulu, na buɗe baki, babu komai. Sai ta sake bugawa, matanmu kuma suka fara taka rawa suna zagaye ni, kai ka ce haka aka shirya. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Can bayan rumfa na hango wani mutum riƙe da keke, rigarsa jiƙe da gumi. Baba ne. Ashe tun da muka tashi ya biyo bayanmu.

Na ja numfashi na saki baitin. Ya fita ta lasifika ya cika filin, har ni kaina na tsorata. Matanmu suka amsa, kafin baiti na uku fili duka ya ɗauki amshin. Tsofaffi suka miƙe, guɗa ta ɓarke ta kowace kusurwa, wata mata da ban sani ba ta sure ni sama tana juyi da ni!

Da aka lafa, faston da ke jagorar taron ya sunkuyo ya ce, "'Yata, faɗa wa jama'a sunanki." Ka ga, suna ba a rera shi. Ya maƙale, ya daɗe a maƙale, har na ji wasu 'yan dariya daga gefe. Amma ƙafafuna ba su gudu ba. Na tsaya na ja shi gaɓa-gaɓa har ya fito duka. Ni a wurina, a nan na warke. In'inar tana nan har gobe, kunyar ce ta tafi.

Yanzu ni nake koyar da matasa a majami'armu a Funtua. Abubuwa sun sauya. Kayan kiɗa na lantarki ne, tsoron hanya ya rage masu zuwa taro, yaran kuma komai so suke a gama shi maza, har da addu'a. Ni ma na so in zama haka. Zuwana na ƙarshe wurin Iya, tana kwance ba ta iya tashi, ta ce in yi mata addu'a. Na kama sauri don kada in gajiyar da ita, harshena ya harɗe, na ba ta haƙuri. Ta matse hannuna ta ce, "Ƙawata, ina za ki da sauri haka? Wanda kike wa magana ba shi da kasuwar da zai ci yau."

Na yi ta a hankali har ƙarshe, amin ɗinta kuwa ya fi muryata ƙarfi. Shi ya sa yau in ina sauraron wani cikin 'yan ajina, sauran suka ce, "Mama, lokaci ya ƙure," sai in jawo kujera in zauna.