Kiɗan da Ake Ji da Tafin Ƙafa

Abin da na fara lura da shi shi ne ruwan kofin da ke kan teburi yana rawa, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Ranar Babbar Sallah ce, Umma ta aike ni da nama gidan maƙwabcinmu a garin Woodbridge na Amurka, wani dattijo Ba'amurke baƙar fata. Ya ɗaga murya ya ce in shigo. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka koya mini a gida. Ina taka daɓen katako na ji wani gurnani yana hawowa ta tafin ƙafata har gwiwa.

Yana zaune ba takalmi, rungume da jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bes, an jona ta da wata babbar lasifika da ke kan daɓen. Ya dubi ƙafafuna ya yi murmushi.

"Ke kaɗai kika shigo yadda ya kamata, 'yar ƙarama. Kunnena ya yi ritaya, da ƙafa nake ji yanzu."

Daga nan na saba zuwa bayan makaranta, da izinin Umma. Ina kiransa Kaka. Ba ya sa ni magana, abin da na fi so ke nan. Ya yi rayuwarsa yana kiɗan buluz, kiɗan baƙaken fatar Amurka, a ƙananan gidajen rawa tsakanin Washington da Baltimore. A hotunan bangonsa mawaƙa ne a tsakiya, shi kuwa kafaɗa ce kawai a gefe, wani lokaci wuyan jitar kaɗai.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi ko abin ya dame shi.

"Wa ke yaba wa daɓe?" in ji shi. "Amma ai a kansa ake rawa."

Ya koya mini tafiyar tsirkiya, taku bayan taku, kamar tsohuwa mai dawowa daga kasuwa ba ta sauri. Yatsuna suka yi kanta. Na riƙa shafa su a aji ina jin daɗi.

Da bazara 'yarsa ta zo ta ce zai koma wani bene kusa da ita a garin Laurel. Akwai kafet mai kauri, ga maƙwabta sama da ƙasa, ba a yarda da lasifika ba. Ya ce ba komai, ya yi kiɗansa ya ƙoshi. Amma na ga ya sa takalmi a cikin gida, abin da ban taɓa gani ba.

Falonmu na baya daɓen katako ne. Kuma na san Abba na sauraron goge a mota idan cunkoso ya tare shi a hanyar aiki, yana buga sitiyari da yatsa.

Na same shi yana shan shayi bayan la'asar. Na durƙusa a gabansa.

"Abba, don Allah a kawo lasifikar Kaka falon baya. Ran Asabar a riƙa ɗauko shi, ni zan share wurin."