Magen da ta shige hijabin mahaifiyata

Shekarun baya, ina zaune a wani dogon bene a unguwar Park Hill, can ƙasar waje, wata maƙwabciyata 'yar Gana da za ta tashi ta bar min magenta. Ban taɓa ganin halitta mai tsoro irinta ba. Ko jiniya ta wuce, ko cokali ya faɗi, sai ta ruga bayan firij ta wuni a can. Ta lashe gashin cikinta har fata ta bayyana. Da likitan dabbobi ya ce damuwa ke cin ta, dariya na yi masa. Ni da nake jiran bas cikin ƙanƙara ba a ce ina da damuwa ba, sai mage.

Ana haka mahaifiyata ta zo daga Kano a yi mata aikin ido. Da ta ga ina janyo magen da ƙarfi don ta ci abinci, sai ta hana ni.

"Ki ƙyale ta. Idan ta yarda da mu, da kanta za ta fito."

Kullum bayan la'asar takan zauna a ƙasa kusa da firij tana jan carbi, ko kallon wurin ba ta yi. Makonni suka wuce, ban ga wani canji ba.

Wata rana da rana tsaka ƙararrawar gobara ta ɗauka, hayaƙi ya cika baranda. Muna can sama, ba halin shiga lif mai saukar da mutane ƙasa, ga idon Mama a naɗe da bandeji. Na leƙa bayan firij, babu mage. Na ce mu tafi kawai, zuciyata na suya. Ina juyowa na gan ta ta rarrafo ta tsakiyar falo, cikin wannan ƙarar mai tsaga kunne, ta haye cinyar Mama ta cusa kai cikin hijabinta.

Haka muka sauko bene, ni riƙe da hannun Mama, ita rungume da mage tana ce mata, "Yi haƙuri, mun kusa." Ashe tukunyar wani ce ta ƙone.

Magen ba ta daina tsoro ba har ta mutu. Amma har yau idan na tuna, tsigar jikina tashi take. Ga maɓoyarta a kusa, ta bar ta, ta ratsa abin da ta fi tsoro a duniya don ta isa wurin mutum guda. Ni da nake ciyar da ita, ta gabana ta wuce.