Ranar Da Kawu Ya Ƙwace Makirufo A Croydon

Shekarun baya, wajen farkon shekarun casa'in, ina karatu a Bloomsbury a birnin London, ina kuma raɓe a flat ɗin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a Deptford. Kawu yana aiki ne a wani shagon kayan abincinmu na gida. Shi ke sauke doya da jarkokin manja da buhunan garin rogo daga mota, har bayansa ya fara ba shi matsala. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri, in bai daina ɗaukar kaya ba, keken guragu ke jiransa. Ga mata, ga yara uku, ga shi ba takardar makaranta ko ɗaya da zai nemi wani aikin da ita. Kullum da safe sai matarsa ta gasa masa bayan da ruwan zafi kafin ya iya sa takalmi.

Ana cikin haka aka nuna wani fim da aka yi a kan labarinsa a talabijin. Tun yana saurayi, wata babbar mota da ya shiga ta taɓa lalacewa a tsakiyar hamada, shi ya taka da ƙafa kwana biyu ya kirawo agaji. A cikin fasinjojin akwai wata Baturiya, ita ta ba masu fim labarin. Ranar da za a nuna, falonmu ya cika maƙil, har da maƙwabta 'yan Ghana. Wanda ya fito a matsayin Kawu wani zabgegen ƙato ne, ya goya Baturiya, ya kori kuraye da sanda, ya kama direban motar yana satar ruwan mutane. Muna ta ihu muna tafi. Kawu kuwa ana zuwa wajen direban ya tashi ya shige kicin, na ɗauka kunya ce kawai. A ƙarshe aka nuna hotonsa na gaske, aka rubuta cewa yana nan da rai a London.

Washegari wayar shagon ba ta huta ba. Makarantu, coci-coci, kamfanoni, kowa so yake ya ga mutumin fim ido da ido. A nan na fara sanin cewa a ƙasar nan tsayawa ka ba da labarinka sana'a ce sukutum. Wata mata mai ofishin da ke yi wa irin waɗannan mutane booking, wato samo musu wuraren jawabi, ta zo har shago. Ta ce duk sanda aka nuna fim na labarin gaske haka ake yi, kowa sai ya nemi mai labarin, amma wata biyu uku abin ya huce. Akwai taron ma'aikatan inshora a wani otal a Croydon, Kawu ya zo ya gwada. In ya yi kyau, za ta sa shi cikin mutanenta.

Ni dai har rawa na yi. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, in tsaya gaban jama'a ina cewa na yi kaza, na yi kaza? Ni maroƙin kaina ne?" Matarsa ta ce, "Malam, bayan nan fa ba na aro ba ne." Na ce ya kwantar da hankalinsa, tunda Turancinsa na kasuwa ne, ya yi da Hausa ni in fassara. A raina kuwa har na fara hango sunana a jarida.

Ranar taro ya sha babbar riga fara sol, ni kuma na ari kwat wajen abokina, hannunta ko tsintsiyar hannuna bai kai ba. Zauren cike da Turawa, kowa da ɗan littafi da biro. Matar ofishin tana layin gaba. Kawu ya hau ya yi sallama, sai ya shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, yaya aka baro mutanen gida. Ina fassarawa suna dariya, abin ya burge su. Sai ya shiga labari. Ya ce, "Mota ta lalace mana. Aka sha wahala. Allah ya kawo sauƙi." Ya tattara rigarsa zai koma kujera.

Gabana ya faɗi. Minti arba'in aka ba mu, ko biyar ba mu ci ba, kuma na ga matar ta kalli agogo. Na tuna ruwan zafin nan na kowace safiya, na ce a raina yau ko ni ko zauren nan. Na riƙe makirufo na shiga yi wa Kawu kirari da Turanci. Jimla ukun nan tasa na ja su kamar danƙo. Na goya masa Baturiya, na kawo kuraye, har na ƙara biyu a kan na fim. Tafi ya ɓarke, kaina ya ƙara girma, ina kai da kawowa a kan dandamali ina wurga hannu, kwat tana neman yagewa. Sai na ce, a daidai lokacin da wannan jarumi ke wahala, shi kuwa matsoracin direba yana can yana satar ruwa.

Na ji an damƙe mini hannu. Kawu ne. Ya ce, "Me ka ce a kan direba?" Na raɗa masa cewa abin da ke cikin fim ne kawai. Ya ce, "Ba ni abin nan." Ya zare makirufo daga hannuna, ya nuna mini kujera.

Da wannan Turancin nasa na sayar da doya ya fara. Ya ce direban tsoho ne, ya san hamada kamar tsakar gidansa. Shi ya zana masa hanya a kan yashi, ya nuna masa tauraron da zai bi. Baturiya ta ga tsohon yana juye ruwa a ɓoye, ta ɗauka sata yake, ashe rabonsa ne yake zubawa a gorar Kawu, domin ya ce ƙafafunsa ba za su kai ba, na saurayi za su kai. Da Kawu ya dawo da agaji, kowa na da rai sai tsohon direban. Kawu ya ce, "Ni ƙafa ce kawai. Shi ne idon, shi ne ruwan."

Mutumin da ya kasa jimla huɗu a kan kansa, ya yi sama da rabin awa a kan wani. Ya kwaikwayi tarin tsohon, da yadda yake zagin injin kamar ɗan da ya haifa, mutane na dariya suna share ido. Da ya gama, zauren gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Ni ma na miƙe ina tafi, kunya kamar in nutse, daɗi kuma kamar in tashi sama.

Matar ofishin ta same mu a bakin ƙofa, ta ce ta ɗauki Kawu, kada ya canza ko kalma ɗaya. Sai ta juyo ta ce mini, cikin ladabi irin nasu, nan gaba ba sai na wahalar da kaina ba. Haka aka kore ni daga aikin da ban yi awa ɗaya a kai ba. Kafin wata ya ƙare Kawu ya bar shagon, ya yi shekaru yana yawon makarantu da kamfanoni, har bayan an manta da fim ɗin.

Har yau in na ga an rubuta a farkon fim cewa labarin gaske ne, sai in ji ina neman wanda aka danne don jarumi ya yi tsawo. Ni na ɗauka alkunyar Kawu ce za ta hana shi cin abinci a London, har na so in sayo masa lafiya da mutuncin mamaci. Ranar taron nan, a jirgin ƙasa muna dawowa, na ba shi haƙuri, na ce tsoro na ji kada matar ta ƙi ɗaukarsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da a ce wa tsohon nan ɓarawo ina tsaye a wurin, gara in koma ɗaukar doya har bayan ya karye."