Kafaɗar Gwaggo da Teburin Guga

Shekara ashirin da uku gwaggona ta yi tana guga a ɗakin wankin wani otal. Abokan aiki Tartsatsi suke ce mata, don ba ta haɗiye magana. Gajeruwa ce, teburin kuwa don wani dogon mutum aka ƙera shi tun kafin zuwanta. Kullum hannu a ɗage take tura dutsen guga, har kafaɗarta ta dama ta ƙage, taje kai ma ya gagare ta.

Ɗanta ya kai ta wajen mai maganin allura irin na Sinawa. Mutumin ya taɓa wuyan hannunta, ya duba harshe, ya jera mata allurai sirara kamar gashi a kunne da hannu, har da ƙafa.

"Malam, kafaɗa na ce maka. Me ya kai ka ƙafata?"

Ya ce jiki hanyoyi ne a haɗe, ta kwanta rabin awa. Ta sami barci mai daɗi, amma tana komawa aiki ciwo ya ce ga ni.

'Yarta ta ce ai wannan wasa ne, ta ja ta wajen wata likitar gashin ƙashi mai busasshiyar allura, wadda ba ruwan magani a cikinta. Ita da yatsa ta lalubo ƙullin naman, ta soka daidai wurin. Naman ya zabura.

"Ke 'yar nan, ba ki da imani ne?" in ji Gwaggo, hawaye a ido.

Kwana biyu kamar an yi mata duka, rana ta uku hannu ya ɗagu. Mako ɗaya a bakin tebur, aka koma gidan jiya.

A gida 'ya'yan suka kaure da gardama, kowa yana kushe likitan ɗan'uwansa. Gwaggo ta daka musu tsawa.

"Jikin wa aka huda, naku ko nawa? Likitocin nan biyu abu ɗaya suka tambaye ni: yaya tsayin teburinki? Ku kuwa ko sau ɗaya ba ku tambaya ba!"

Sau huɗu tana kai wa manajan otal kuka a rage tsayin teburin. Amsarsa ba ta canzawa: "Kayan otal ne, Mama. Ki hau kan bulo."

Ranar Litinin ta aro zarto wajen kafintan layinsu. Ta kifar da teburin a tsakiyar ɗakin wanki, ta datse taƙi guda daga kowace ƙafa. Manaja ya shigo yana kumfar baki.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani sarai. An soka min allura ta fi sittin saboda katako huɗu. Kai ka hau bulon ka goge zanen gado ɗari, sannan ka zo mu yi magana."

Bai kore ta ba, don ya san babu mai fitar da kwalar riga kamarta. Takardar gargaɗi ya ba ta. Ko karantawa ba ta yi ba, ta ninke ta huɗu ta cusa ƙarƙashin ƙafar da zarto ya ci fiye da kima, don teburin ya daina rawa.